Darasi na 7: Yadda Ake Tsara Jikin Mota

MANUFOFIN DARASI

A ƙarshen wannan darasi, ana so ɗalibi ya iya:

1. faɗin sunayen sassan wajen mota da aikin kowanne;
2. bayyana abubuwa 5 da mai tsara jikin mota yake dubawa: iska, hanya, kaya, ran ɗan Adam, da tsatsa;
3. jera matakan da ake bi daga zane a takarda har mota ta hau kwalta;
4. yin lissafi mai sauƙi a kan lodi, da tazarar ciki, da ma'aunin zane;
5. gane irin gyaran da ke lalata ƙirar mota.

GABATARWA

Ranar kasuwa a Warra, mutum yakan ga abin hawa iri biyu a wuri guda. A bakin ruwa jirage sun jeru, wannan ya kawo kifi, wancan shinkafa, wani kuma fasinja daga tsallake. A tudu ga a-kori-kura, ga bas, ga ƙananan motocin haya masu zuwa Yauri. Duk wanda ya tashi a gaɓar Tafkin Kainji ya san dalilin da ya sa goshin kwalekwale yake da tsini, cikinsa kuma yake da faɗi. Tsinin yana tsaga ruwa, faɗin yana ɗaukar kaya yana hana kifewa. Masassaƙi ya yi tunani kafin ya ɗora gizago a kan itace.

Ita ma mota haka take. Kowane lanƙwasa da ke jikinta amsa ce ga wata tambaya da wani ya zauna ya yi wa kansa. A cikinmu akwai direbobi, da masu walda, da masu fenti, da 'yan kasuwa masu ɗaukar shatar mota, kuma dukkanmu fasinjoji ne. Wanda ya iya karanta jikin mota zai san wadda zai saya, da yadda zai loda ta, da gyaran da bai kamata ya yarda a yi mata ba.

1. SASSAN WAJEN MOTA

Mu fara daga gaba. Bamba ita ce ta farko, ita ke karɓar ƙananan bugu. Sama da ita akwai ragar gaba, inda iska ke shiga ta sanyaya lagireto. Gefe da gefe ga fitilu. Sai bonet, murfin inji. Sai gilashin gaba da waifa. A gefe akwai ƙofofi, da madubai, da kwanon da ya rufe saman kowace taya don kada ta watsa laka da tsakuwa. Rufi yana zaune a kan ginshiƙai: biyu a gefen gilashin gaba, biyu a tsakanin ƙofofi, biyu a baya. Daga ƙarshe sai but da fitilun baya.

Akwai bambanci babba da ya kamata a riƙe. A manyan motoci da yawancin a-kori-kura, shasi daban, bodi daban, ana ɗora bodin ne a kan shasin. Shi ya sa ake iya yi wa babbar mota bodin katako ko na ƙarfe yadda mai ita yake so. Ƙananan motocin yanzu kuwa, bodin da kansa shi ne ƙashin motar. Rufi da ginshiƙai da daɓen ƙasa an haɗe su wuri guda, kowanne yana riƙe da ɗan'uwansa kamar azara da bango.

┌ AKWATIN KALMOMI
│ Ƙira: siffar da aka tsara wa abu da gangan don ya yi wani aiki.
│ Bodi: jikin mota na waje, wanda ya rufe inji da mutane da kaya.
│ Shasi: ƙarfen ƙasa mai kauri da ke ɗauke da inji da bodi.
│ Ginshiƙi: ƙarfen da ke tsaye yana riƙe da rufin mota.
└

2. MOTA DA ISKA

In kuna cikin jirgi mai inji, ku tsoma hannu a ruwa. Idan tafin hannu yana tsaye, ruwa zai ture shi baya da ƙarfi. Idan kun kwantar da shi kamar wuƙa, sai ya ratsa salin-alin. Abin da iska ke yi wa mota ke nan, sai dai ita ba a ganin ta. Wannan turewa ita ake kira turjiyar iska, kuma mai ne inji ke ƙonawa kafin ya rinjaye ta.

Abu uku ke ƙara turjiyar: girman fuskar mota, da siffarta, da gudu. Saboda siffa ne ake kwantar da gilashin gaba, ake zagaye kusurwoyi, ake rufe bayan madubi da ƙoƙo mai santsi. Bayan mota ma yana da muhimmanci. Ku lura da bas a kan hanyar burji: gilashin bayanta ne ya fi cika da ƙura, domin iska tana yin guguwa a bayan abin da ya yanke a tsaye.

Ga ƙa'idar gudu: idan gudu ya ninka sau 2, turjiyar iska tana ninkawa sau 4. Motar da ke kilomita 100 a awa tana fama da turjiya ninki 4 na wadda ke kilomita 50.

Misali na 1
Wani direba zai kai kwandunan bandar kifi daga Warra zuwa Yauri. A ce faɗin motarsa mita 1.7 ne, tsayinta mita 1.4.
Fuskar mota: 1.7 × 1.4 = murabba'in mita 2.38.
Ya ɗaure kwanduna a rufi, faɗinsu mita 1.2, tsayinsu mita 0.6.
Fuskar kaya: 1.2 × 0.6 = murabba'in mita 0.72.
Ƙarin da aka samu: 0.72 ÷ 2.38 = 0.30, wato kashi 30 cikin 100.
Fuskar da iska ke bugu ta ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin uku. Wannan direba in yana so ribarsa ta tsira, sai ya kwantar da kayan, ya lulluɓe su da tamfol ya ɗaure tam, ya kuma rage gudu.

┌ AKWATIN KALMOMI
│ Turjiyar iska: ƙarfin da iska ke ture mota baya da shi yayin tafiya.
│ Fuskar mota: faɗinta sau tsayinta, yadda mai tsaye a gabanta yake ganin ta.
└

3. MOTA DA HANYA

Mai tsara mota yakan tambayi kansa: wace irin hanya za ta bi? Motar da aka yi wa shimfiɗaɗɗiyar kwalta ana sauke cikinta kusa da ƙasa don ta kama titi, ta rage shan iska. Wadda za ta shiga ƙauye da damina tana buƙatar ciki mai nisa da ƙasa, da gajeren goshi wanda ba zai soki tudu ba in an fito daga kwazazzabo, da wadataccen fili a saman taya don laka ta samu wurin zubewa.

Dattawan direbobi ba sa manta Peugeot 504. Ta fito a Faransa a 1968, shekarar da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji. Kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana jikinta, kuma a 1969 aka zaɓe ta gwarzuwar motar shekara a Turai. Masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara harhaɗa motoci a 1975, 504 ta zama motar gwamnati, motar haya, motar ɗaukar amarya. Abin da ya sa ta karɓu a ƙasar nan ba ɓoyayye ba ne: cikinta yana da tazara, sifirin ɗinta yana shanye gargada, kwanon jikinta kuma mai sauƙin bugu ne ga mai gyaran bodi. Ƙirarta ta dace da hanyarmu.

Misali na 2
A ce tazarar cikin wata mota santimita 15 ce in babu kaya. An loda mata buhunan shinkafa, ta zauna da santimita 4.
Tazarar da ta rage: 15 − 4 = santimita 11.
A hanyar gona, tayoyin manyan motoci sun haƙa rami biyu, sun bar kunya a tsakiya mai tsayin santimita 13.
Tunda 13 ta fi 11, cikin motar zai goga. Abin da zai fara jin jiki shi ne salansa da kaskon baƙin mai. Gara a yi sawu biyu, ko a nemi a-kori-kura.

┌ AKWATIN KALMOMI
│ Tazarar ciki: nisan da ke tsakanin ƙasa da abin da ya fi saukowa a ƙarƙashin mota.
└

4. MOTA DA KAYA

Kowane matuƙin jirgi yakan ce wa fasinja su zauna, kada kowa ya miƙe. Ya san in nauyi ya hau sama, ɗan kaɗawar igiyar ruwa ya isa ya kifar da su. Mota ma tana da wurin da nauyinta ya taru, ana ce masa cibiyar nauyi. Mai ƙira yana ƙoƙarin ajiye ta a ƙasa-ƙasa, a tsakanin tayoyi huɗu. Shi ya sa rufi yake da kwano marar nauyi, inji da tankin mai suke ƙasa.

Idan aka jibga buhunan albasa a rufin bas, an ɗaga cibiyar nauyi ke nan. A kwana, ko in taya ta faɗa rami, motar tana iya wuntsilawa a gudun da da can ba zai kayar da ita ba. Kaya mai nauyi ƙasa ake sa shi, marar nauyi a sama.

Yawancin motoci suna da ɗan faifai ko takarda manne a ginshiƙin ƙofa ko a ɗakin inji, an rubuta iyakar nauyin da aka tsara musu. Mutanen wannan yanki sun san tsadar wuce iyaka. A watan Mayun 2021 jirgin ruwa maƙare da mutane da kaya ya nutse a kusa da Warra, aka yi asarar rayuka masu yawa. Allah Ya jiƙansu. Iyakar nauyi, a ruwa ko a tudu, lissafi ne da ya shafi rai.

┌ AKWATIN KALMOMI
│ Cibiyar nauyi: wurin da nauyin abu gaba ɗaya ya daidaita. In ta hau sama, faɗuwa ta yi sauƙi.
└

5. MOTA DA RAN ƊAN ADAM

Sau da yawa za ku ji ana cewa motocin yanzu gwangwani ne, ɗan bugu kaɗan sun lotse. Gaskiya ne suna lotsewa, kuma da gangan aka yi su haka. Ku dubi magini in ana jefa masa tubali yana kan tsani. Ba ya sandare hannu, yakan cafe ya ja baya kaɗan. Wannan jan baya yana tsawaita lokacin tsayawar tubalin, sai zafin bugun ya ragu. Gaban mota da bayanta an tsara su su naɗe a hankali su shanye bugu, ɗakin fasinja kuwa an yi shi da ƙarfe mai tauri don kada ya matse mutane. Wani injiniya mai suna Béla Barényi ne ya samu rajistar wannan dabara a Jamus a 1952, kamfanin Mercedes-Benz kuma ya sa ta a motocinsa a 1959.

Na taɓa tsayawa a rumfar wani dattijo mai walda, sai ga direba ya zo da wani ƙaton ƙarfe a bayan a-kori-kura. Ya ce, "Baba, so nake ka cire bambar nan ka liƙa mini wannan. Ko saniya na buga, kada motar ta ji." Dattijon ya ajiye gilashin waldarsa, ya ƙwanƙwasa ƙarfen da yatsa, ya ce, "Ɗana, in motar ba ta ji ba, kai za ka ji." Maganar nan ta ƙunshi darasin duka. Bugun da bodi bai shanye ba, ƙirjin direba da na fasinja ne zai shanye shi. Mai tafiya a ƙasa ko ɗan acaɓan da aka buga da irin wannan ƙarfe kuwa, sai dai addu'a.

Gilashi ma iri biyu ne. Na gaba falle biyu ne da siririyar roba a tsakani, in dutse ya same shi yakan tsage kamar saƙar gizo amma ya tsaya a wurinsa. Na gefe an gasa shi ta yadda in ya fashe zai zube ƙanana kamar tsakin gishiri, ba mai kaifi irin na kwalba ba. Kada a taɓa yarda a yanko gilashin taga na gida a sa wa mota.

Launin fitilu harshe ne da direbobi ke magana da shi cikin dare: fari a gaba, ja a baya, ruwan lemo na sigina. Wanda ya sa farar fitila mai haske a bayan motarsa ya yi wa na bayansa ƙarya, domin zai zaci mota ce ke tahowa.

┌ AKWATIN KALMOMI
│ Sashen naɗewa: gaban mota da bayanta, da aka tsara su lotse don su shanye bugu.
│ Ɗakin fasinja: tsakiyar mota mai tauri, inda mutane ke zama.
└

6. RUWA, RANA DA TSATSA

Kwanon jikin ƙaramar mota yawanci bai kai kaurin milimita 1 ba. Lanƙwasa ce ke ba shi ƙarfi, kamar yadda tudu da kwarin kwanon rufi ke hana shi lanƙwashewa. Abin da ke kare shi daga tsatsa kuwa rufi ne hawa-hawa: shafen tutiya a jikin ƙarfen, sai fentin share fage, sai launi, sai mai sheƙi a sama.

Ku durƙusa ku duba ƙasan ƙofar mota. Za ku ga 'yan ƙananan huji. Ruwan saman da ya sulale ta gefen gilashi ta nan yake fita. In laka ta toshe su, ruwa ya kwanta a cikin ƙofa, sai tsatsa ta fara ci daga ciki, ba a ankara ba sai fenti ya kumbura. Tsinke ɗaya ya isa buɗe su. Masu ɗaukar ɗanyen kifi da takin zamani su shimfiɗa leda mai kauri a but, su wanke shi bayan kowane sawu, domin ruwan kifi da taki duk suna cin ƙarfe. Farin fenti kuma ba ya ɗaukar zafin rana kamar baƙi, shi ya sa farar mota ta fi daɗin zama da bazara.

7. DAGA TAKARDA ZUWA KWALTA

Mataki na 1: a rubuta buƙata. Wa zai hau, mutum nawa, wace hanya, nawa zai iya biya?
Mataki na 2: a yi zane da fensir, kala-kala masu yawa, a zaɓi kaɗan.
Mataki na 3: a shigar da zanen kwamfuta, a auna wurin inji da kujeru da tayoyi.
Mataki na 4: a gina siffar motar da wani irin yumɓu, ƙarama da farko, sannan mai cikakken girma, a kankare ta da hannu. Harley Earl, wanda kamfanin General Motors na Amurka ya ɗora a kan sashen ƙira a 1927, shi ya yaɗa wannan hanya, kuma har yau ana bin ta.
Mataki na 5: a sa ta a ɗakin gwaji inda ƙatuwar fanka ke hura mata iska, a ga yadda iskar ke bin jikinta.
Mataki na 6: a ƙera samfuri, a gwara shi da bango da gangan, a duba abin da ya samu mutum-mutumin da ke ciki.
Mataki na 7: a yi zubin ƙarfe na kowane sashe, injin matsa ya riƙa buga kwano yana fitar da ƙofa, bonet da rufi iri ɗaya.

Misali na 3
Mota ba ta shiga takarda, don haka ake rage ta da ma'auni. Ma'aunin 1:20 yana nufin santimita 1 a takarda daidai take da santimita 20 a jikin mota. Tsawon 504 kusan mita 4.5 ne, wato santimita 450.
450 ÷ 20 = santimita 22.5. Wannan ne tsawonta a zane.

8. ƊAN GIDA A WANNAN SANA'A

Kada wani ya ce wannan aiki na mutanen nesa ne. Jelani Aliyu, wanda aka haifa a 1966, ya tashi a Sakkwato, ya yi karatun zanen gine-gine a kwalejin kimiyya da fasaha ta Birnin Kebbi, ya kammala a 1988, lokacin ba a ma ƙirƙiro Jihar Kebbi ba. Daga nan ya tafi birnin Ditiroyit na Amurka ya karanci ƙirar motoci, ya gama a 1994, General Motors ya ɗauke shi aiki. Shi ya zana jikin samfurin Chevrolet Volt, mota mai aiki da lantarki, da aka nuna wa duniya a 2007. A 2017 aka naɗa shi shugaban hukumar ƙira da bunƙasa motoci ta Najeriya, wato NADDC.

Da fensir da takarda ya fara. In kuna da yaro ko yarinya mai zane a ƙasa, ko mai haɗa mota da kara da gwangwanin madara, kada ku ce wasa yake. Ku saya masa fensir da rula, ku nuna masa lissafin da ke Misali na 3, ku bar shi ya auna motar maƙwabci.

TAƘAITAWA

Jikin mota yana amsa tambayoyi 5: yaya za ta ratsa iska, wace hanya za ta bi, nawa za ta ɗauka, yaya za ta kare rai, yaya za ta jure ruwa da rana. Kafin ku yanke ginshiƙi, ko ku ƙara kariyar ɗaukar kaya a rufi, ko ku sauya bamba, ku tambayi kanku aikin da wannan sashe yake yi. In an cire shi, wani ne zai ɗauki aikin, kuma sau da yawa jikin fasinja ne.

TAMBAYOYIN BITA

1. Ku kawo sassa 6 na wajen mota, ku faɗi aikin kowanne.
2. Mene ne bambancin shasi da bodi? Me ya sa yanke ginshiƙin ƙaramar mota yake da haɗari?
3. Mota ta ƙara gudu daga kilomita 40 zuwa 80 a awa. Sau nawa turjiyar iska ta ninka?
4. Tazarar cikin mota santimita 18 ce, lodi ya saukar da ita da santimita 5. Za ta iya haye kunya mai santimita 12?
5. Ku kwatanta cibiyar nauyin mota da zaman fasinja a kwalekwale.
6. Me dattijo mai walda yake nufi da amsar da ya ba direba?
7. Me ya bambanta gilashin gaba da na gefe?
8. Bas mai tsawon mita 5, santimita nawa za ta zama a zane mai ma'aunin 1:20?

AIKIN GIDA

Ku je tashar mota mafi kusa da ku, ku nemi izinin direba, ku auna tazarar cikin motoci 2 da igiyar awo, kafin lodi da bayan lodi. Ku duba hujin ƙasan ƙofa, ku nemo faifan iyakar nauyi. Ku rubuta abin da kuka gani, ku zo da shi aji mako mai zuwa.